Mako bakwai a kan kalma ɗaya ta Turanci

Juma'a, 25 ga Yuli, 2025

Yau aka ba yara hutu, babban ɗana ya kawo sakamakon zango na uku. Ni Turancina na kasuwa ne. Iyakata aji uku na ƙaramar sakandare kafin in shiga gyaran waya a nan Birnin Kebbi, amma ina iya bin takarda da yatsa in tsinci abin da zan tsinta. A gurbin ɗabi'a malaminsu ya rubuta kalma ɗaya tak: Fair. Na san kalmar, ko in ce na zaci na san ta. Lokacin zaɓen 2023 kullum sai ka ji ana cewa "free and fair", masu fassara a rediyo suna cewa zaɓe na gaskiya da adalci. Sai na ce to, an shaidi yarona da adalci ke nan. Na ba shi naira ɗari biyar, na kira uwarsa ta zo ta ji, bayan la'asar har na ɗauki takardar zuwa majalisa.

Ƙanena da ke karatu a kwalejin Waziri Umaru ya karɓa ya duba, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wannan fa ba yabo ba fallasa ake nufi. Sama da ita akwai Good, akwai Very Good, akwai Excellent. Ƙasa da ita Poor kaɗai ta rage." Majalisa ta tuntsure da dariya. Ɗari biyar kuwa tuni ta zama awara.

Dariyar ba ta dame ni ba kamar yadda wannan tambaya ta dame ni: ta yaya kalmar da ke nufin adalci a bakin hukumar zaɓe za ta koma dama-dama a alƙalamin malamin firamare? Na ƙudurta sai na bi ta har gida.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na sayi littafin rubutu mai ganye 60, naira 600. Da yamma na je Badariya wajen wani dattijo abokin mahaifinmu, wanda ya yi shekaru yana koyar da Turanci a sakandare kafin ya yi ritaya. Baba Malam muke ce masa. Na same shi a zaure yana sauraron rediyo.

Da na yi masa bayani sai ya cire tabarau ya dube ni. "Kai yaro, kalma guda kaz zaka da ita? Mutane na zuwa in koya musu Turanci duka cikin wata ɗaya, kai ko guda ta ishe ka?" Na ce guda ɗin ce ta kunyata ni, Baba. Ya ce madalla, mai neman guda shi ka samun goma.

Ya kafa mini doka ɗaya. Kada in kuskura in rubuta "fair" a gefe in sa Hausarta a ɗaya gefen kamar lissafin bashi. Duk inda na ci karo da ita, in kwafe jimlar gaba ɗaya, in rubuta inda na gan ta da wanda ya faɗe ta. Za mu riƙa zama Juma'a ko Lahadi. Na yi maganar kuɗi, ya ce in sake yin ta kada in dawo. Na lura wayarsa ba ta shan caji sai an tokare ta da littafi, na karɓo zan canja mata bakin caji.

Talata, 29 ga Yuli

Na samu tsohon ƙamus na Turanci zalla wajen masu shimfiɗa littattafai, bangonsa ya rabu, 4,500 bayan doguwar tayawa. Bayanin kalmar ya kusa cinye rabin shafi da ƙananan haruffa. Na karanta sau uku, kaina ya ɗau zafi, na rufe.

Alhamis, 31 ga Yuli

Jimla biyu kawai. Shago ya cika, ba wuta tun safe.

Lahadi, 3 ga Agusta

Zama na farko ya ƙare a kan baki, ba mu ko taɓa ma'ana ba. Baba Malam ya ce in faɗi kalmar, na faɗa, ya ce abin da ya ji "pair" ne, wato abu biyu masu tafiya tare kamar takalmi. Na sake, ya ce yanzu kuma "fear" na ce, tsoro. Matsalar daga gida take. Hausarmu ta nan ba ta da wannan f ɗin ta Turawa. Mu da ke cewa hwara da hwata da tahi, leɓɓa biyu muke haɗawa mu hura. Ita kuwa tasu sai haƙoran sama sun zauna a kan leɓen ƙasa, iska ta fita ta tsakani a hankali. Ya yago takarda ya riƙe a gaban bakina: in na ce "pair" takardar za ta yi tsalle, in na ce "fair" daidai sai dai ta ɗan motsa. Na yi ta hura takarda kamar mai tofi har jikokinsa suka taru a bakin zaure.

Kafin in tashi ya raba mini wasu biyu da ba 'yan gidan ba ne. "Fare", kuɗin mota, furuci ɗaya suke da tamu amma rubutu daban. Sai "fair" ta "trade fair", irin kasuwar baje koli ta duniya da ake yi a Kaduna duk shekara. Ita suna ce, asalinta daga Latin, daga kalmar da ke nufin ranar hutu ko biki, kamannin rubutu kawai ya haɗa su. Wadda nake bi sifa ce, aikinta bayyana yadda abu yake.

Laraba, 6 ga Agusta

Jimla tara a littafi. Ba karatu sosai, ina ta harkar kaya. Wani dila a Legas da na taɓa saye wajensa sau biyu ya turo jerin wayoyin hannu a WhatsApp. Iri ɗaya, farashi biyu: masu "good" 78,000, masu "fair" 62,000. Na yi odar shida daga masu sauƙin.

Litinin, 11 ga Agusta

Zan rubuta wannan dalla-dalla don kada nan gaba in yi wa kaina ƙarya.

Kaya sun iso tasha da hantsi, na biya 6,000 kuɗin aike. Tun da na yanke selotef na ga na farko gabana ya faɗi. Gilashi duk zane kamar an ja shi a kan tsakuwa, kusurwa biyu a lotse. Ta biyu murfin bayanta ya dushe. Biyu daga ciki na cika su da caji, kafin azahar sun sauko rabi ba tare da an taɓa su ba. Ɗaya tana da wani ɗigon baƙi a gefen sikirin wanda na san ƙaruwa zai yi. Duka suna kunnuwa, duka suna kira, amma babu wadda zan ajiye a gilashin gaba in ce 85,000 kamar yadda na lissafa.

Ga yadda na ruɗi kaina. Ranar da na ga jerin, na san sarai "fair" ta takardar ɗana tana nufin dama-dama, mako biyu ke nan da aka yi mini dariya a kanta. Amma a kasuwa kullum muna cewa "fairly used" ga kaya mai kyau da aka ɗan taɓa, irin wanda ake kira tokumbo ko Landan-yus. Kuma a littafina akwai jimlar da na kwafe mai "fair price", farashin da babu cuta a ciki. Sai zuciya ta haɗa mini biyun ta ce ai mutumin yana nufin kaya masu kyau a farashin mutunci. Gaskiyar magana ita ce ratar 16,000 a kowace waya ce ta zaɓa mini ma'anar da nake so. Da na tsaya na dubi kalmar da ke saman layin, "condition", da ban tura kuɗi ba.

Na kira shi rai a ɓace, ina haɗa Turanci da Hausa da buroka. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Alhaji, be fair to me. I wrote fair." Na yi tsit da waya a kunne. A numfashi ɗaya ya yi amfani da ita sau biyu: ta farko yana roƙon in yi masa adalci, ta biyu yana tuna mini cewa shi bai ce kayan na da kyau ba. Kuma bai yi ƙarya ba. Ya ce zai karɓi kayan in na biya kuɗin mayarwa kuma ya cire kashi goma. Na lissafa, na ga gara in gyara in sayar a nan.

Haushi bai hana ni ɗauko biro ba. Na rubuta jimlarsa a shafi na huɗu, na ja mata layi biyu. Ita ce jimla mafi tsada a littafin.

Talata, 12 ga Agusta

Ban buɗe littafi ba.

Juma'a, 15 ga Agusta

Na kai wa Baba Malam labari ina jiran faɗa. Dariya ya yi har da tari, sannan ya ce, "Mi ag gabanta, mi ab bayanta? Shi za ka duba. Kalmag ga ba ta tahiya ita ɗai." Ya sa na bi jimlolina goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin abin da kalmar ta jingina da shi. In ta zauna kusa da alƙali, zaɓe, rabo, farashi, hukunci, to adalci ne. In ta zo a ma'aunin daraja, inda ake jera abu daga mafi kyau zuwa mafi muni, kamar ɗabi'ar ɗalibi ko lafiyar mota ko ta waya, to tsaka-tsaki ne, kuma tsaka-tsakin da ya fi kusa da ƙasa. Masu sayar da kayan hannu a intanet haka suke jerawa, excellent, good, fair, kuma sau da yawa fair ce matakin ƙarshe da za a iya sayarwa a matsayin mai aiki.

Ya ƙara da cewa "fairly used" Turancinmu ne na Najeriya. Bature "second-hand" ko "used" zai ce. Ita kanta "fairly" fuska biyu gare ta. "He judged fairly", ya yi hukunci da adalci. "It is fairly good", yana da ɗan kyau, bai kai a yi ta kururuta shi ba.

Batir biyu 18,000, sikirin ɗaya 18,000. Na sayar da waya ɗaya yau.

Lahadi, 17 ga Agusta

An dawo gasar Firimiya, na je gidan kallo da ƙanena, littafi a aljihu. A nan na samu "fair play". Yara suna ganin tutarta ana shigowa da ita fili, ba su taɓa tambayar me take nufi ba, ni ma haka. Wasa ne mai tsabta, babu ƙeta babu maguɗi. Wani mai goyon bayan Senegal tun fil azal ya tayar da tsohon miki: gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, inda Senegal da Japan suka yi kunnen doki a maki da yawan ƙwallaye, wasan da ke tsakaninsu ma biyu da biyu aka tashi, sai aka koma ƙirga katin gargaɗi. Senegal na da shida, Japan huɗu, Senegal ta koma gida. Ya ce wannan doka ba adalci ba ce. Ƙanena ya ce to faɗe ta da Turanci mu ji. Ni na riga shi: "It is not fair." Haƙora a kan leɓe, yadda aka koya mini. Ba wanda ya yi dariya.

Ƙanena ya ce kalmar "foul" da alƙalin wasa ke busa wa usur tsohuwar kishiyar "fair" ce. Na rubuta zan tambayi Baba Malam.

Laraba, 20 ga Agusta

Uwargida ce ta kawo ta yau. Ta miƙo mini kwalin wani man shafawa da maƙwabciyarta ke sayarwa, ta ce, "Maigida, ga kalmarka nan a jiki, adalcin me mai yake yi?" A jikin kwalin "fair skin" aka rubuta. Wannan na riga na gani a ƙamus: in ta jingina da fata, hasken fata ake nufi. A wajen Turawa har gashi ana ce wa "fair hair", mai haske da ya yi wajen ruwan zinare. A nan kuwa in an ce yarinya "fair in complexion", fara ce ke nan.

Abin da Baba Malam ya faɗa mini a waya da dare shi ya fi tsaya mini. Ya ce a tsohon Turanci, sama da shekara dubu da suka wuce, ma'anar kalmar ta farko ita ce kyakkyawa. Daga kyau ta gangaro zuwa abu mai tsabta marar aibi, ta zo ga hukuncin da babu son rai a ciki, wani reshe kuma ya tafi ga hasken fata da gashi. Wato su ma sun daɗe da ɗaure kyau da fari a igiya ɗaya. Ya ce saboda irin wannan ƙorafi ne kamfanin Unilever ya canja sunan mansa Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely a 2020. Ni dai ban ga bakinmu na zargin kowa ba, mu da ke kirarin farar mace alkyabbar mata. Na faɗi haka a tsakar gida, uwargida, wadda wankan tarwaɗa ce, ta ce to in je in nemo alkyabbar in ga ko za ta yi mini tuwo. Ta mayar wa maƙwabciya da kwalinta.

Asabar, 23 ga Agusta

Malka tun asuba, ba ciniki. Na zauna da ƙamus na samu "fair weather": sama ta yi wasai, ba ruwa ba hadari. Wannan ta mutanen Ingila ce da ruwa ya gundura. Ka je ka ce wa manomin gero a watan Yuni garin da ba hadari shi ne gari mai kyau, ka ga kallon da zai yi maka. Sai dai yayanmu da ke da shinkafa a fadama, yanzu da gulbi ke ta cika yana kwana da fargabar ambaliya, shi kam zai karɓi mako guda na "fair weather" hannu biyu.

Akwai kuma "fair-weather friend", abokin da ba ka ganinsa sai ana rabon nama. Tun da wayoyin nan suka zo na gane biyu a layinmu.

Talata, 26 ga Agusta

Jimla 31. An sayi waya ta uku.

Juma'a, 29 ga Agusta

Zama gajere, Baba Malam na fama da mura. Ya tabbatar da maganar "foul". Ya ba ni "fair hearing", ya ce tana sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999: ba a yanke wa mutum hukunci sai an ba shi dama ya faɗi nasa. Ya kuma ba ni "fair enough", abin da ake cewa in an kawo maka hujja ka ga da gaskiyar mai ita, kamar mu ce to, hakan ma ya yi. Ya ce da ita ya kamata in rufe waya da mutumin Legas. Na ce Baba, ranar bakina ba zai iya ba.

Na kai masa goro na 2,000.

Talata, 2 ga Satumba

Na ɗauka na gama kewaye ta, sai ga wata ta ɓullo ta rushe mini lissafi. A labaran Turanci na ji an ce "a fair number of people" sun halarci wani taro. Bisa tsarina, ko dai mutane masu adalci, ko mutane 'yan kaɗan tunda fair dama-dama ce. Duka biyu kuskure. In ta zo gaban "number" ko "amount", yawa take nunawa, mutane da dama, masu ɗan yawa. Kalmar da ta rage darajar wayoyina ita ce kuma ke ƙara yawan jama'a. Na kira ƙanena ina mita cewa Turanci ba shi da tsari. Ya ce, "Yaya, to fassara wa Bature 'dama': hannun dama, samun dama, dama-dama, mutane da dama, dama fura." Na kashe waya.

Lahadi, 7 ga Satumba

Jarrabawa. Jimla ashirin, wasu in cike gurbi, wasu in juya daga Hausa. Wajen gane ma'ana ban sha wahala ba, wajen ginawa da kaina ne na zube. Na rubuta "more fairer", alhali "fairer" kaɗai ta isa, sai "fairest" a ƙarshe. Na rubuta "bus fair" duk da gargaɗin da aka yi mini tun ranar farko. Na rubuta "he treated me fair", ya ce a baki ana jin haka amma a takardar jarrabawa "fairly" ake so. Mafi muni, aka ce in kawo kishiyar "fair skin" na rubuta "unfair skin". Ya ce fatar wa ta zalunta? "Dark" ake cewa. "Unfair" ta ɓangaren adalci ce kawai, sauran kowace da tata kishiyar.

Na ci 11. Ya ɗauki jan biro ya rubuta a ƙasa, da irin rubutun malaman da: Fair.

A gida ɗana ya ga takardar a kan tabarma, ya karanta, ya dube ni ta wutsiyar ido. "Baba, kai wa zai ba ka ɗari biyar?"

Juma'a, 12 ga Satumba

Lissafi. Karatu: littafi 600, ƙamus 4,500, data wajen 3,000, goro 2,000, jimilla 10,100. Wayoyi: saye 372,000, aike 6,000, gyara 36,000, jimilla 414,000. Na sayar da biyar a kan 330,000. Saura ɗaya, mai lotsattsun kusurwa, in ta tafi a 60,000 asarata 24,000 ke nan. Na sa hotonta a WhatsApp na rubuta "fair condition", a ƙasa kuma na bayyana da Hausa duk inda ta ƙuje, da cewa batirinta na asali ne. Mutum biyu sun taya, ba mu daidaita ba tukuna.

Littafi yana da jimla 44. Baba Malam ya ce in sake rubuta tara ɗin da na faɗi, in kawo ranar Lahadi, sannan in ƙirƙiro goma nawa na kaina daga abin da ke faruwa a shago. Bayan nan ya so mu shiga "fine". Na roƙe shi mu fara da "sound", domin a sabon jerin da mutumin Legas ya turo jiya akwai wayoyi huɗu da ya rubuta wa "very sound", kuma har na fara murnar lasifikarsu na da ƙara kafin in tuna in ajiye wayar in ɗauko ƙamus. Ban tura ko sisi ba, sai bayan zaman Lahadi.